Neman shawara: dashen kasurina yana ta mutuwa a hannuna

Mai tambaya, Ibeju-Lekki:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, Allah ya sa mun tashi lafiya. Ina kula da wani fili a wajen Ibeju-Lekki a jihar Legas, kusa da bakin teku. Muna noman alayyahu da ugu da tattasai, ga ɗan kejin kaji a gefe. Iska ce ta hana mu sakat. Da la'asar ta yi take tasowa daga teku ɗauke da gishiri, ganyen tattasai ya ƙone ta ɓangare guda, yashi ya binne kunya, kwanon keji kuma tsatsa ta cinye shi tun yana sabo. Mai filin ya ce a yi shingen itatuwa, ya nuna mini dogayen nan na bakin ruwa masu siraran ganye, waɗanda ke fito in iska ta kaɗa. Masu sayar da furanni na bakin titi suna ce mata wisilin fayin, a littafi kuma kasurina.

Na sayo dashe a leda, na cika ramuka da baƙar ƙasa da kashin kaji, ina ban ruwa safe da yamma. Yawancinsu sun yi ja sun bushe. Na tsinto 'ya'yanta a gindin wata babba na shuka, ko ɗaya bai tsiro ba. Kowa ce mini yake bishiyar nan ba ta da wuya, to me ke kashe nawa? Yaya ake samun iri mai kyau? Kuma wace tazara zan bari tsakaninta da katanga? Don Allah wanda ya sani ya taimaka, kuɗin mutane ne ke tafiya.

Mai renon dashe, Badagry:
Wa alaikumus salam Malam. Bari in fara da iri, don nan ne sana'ata. 'Ya'yan da ka tsinta a ƙasa fanko ne. Ɗan ƙwallon nan mai kama da ƙaramar abarba gidan iri ne kawai, kafin ya faɗo ya riga ya buɗe baki iska ta kwashe abin da ke ciki. A kan bishiya ake tsinkarsa, lokacin da ya fara juyawa daga kore zuwa ruwan ƙasa amma bakinsa na rufe. Ka baza su a faranti, ka rufe da tsohon gidan sauro, ka sa a rana. Kwana biyu zuwa uku za su buɗe, ka girgiza, irin ya zubo. Ƙanana ne ƙwarai, kowanne da ɗan fiffike, kilo ɗaya ya haura ƙwaya dubu 500, don haka cikin hannu guda na ƙwallayen ya ishe ka.

Kada ka ajiye shi. A zafi da danshin Legas ƙarfinsa raguwa yake cikin 'yan watanni. Ka tankaɗe yashi, ka haɗa da ƙasa kaɗan, ka barbaɗa irin a sama, ka yayyafa yashi daidai yadda zai ɓoye shi. In ka binne da zurfi ya tafi ke nan. Babban ɓarawonsa tururuwa, cikin dare ɗaya sai su kwashe maka shi tas. Ni a kan benci nake ɗora kwandon, in sa ƙafafun bencin cikin gwangwanayen ruwa. Ban ruwa da yayyafi, kuma in yashin na da danshi ka ƙyale shi, don jiƙewa ke kawo ruɓar wuya, ka ga tsiro ya kwanta daga gindi. Cikin mako biyu zuwa uku za ka ga ya huda. In rabi ya fito ka gode wa Allah, haka irinta yake. Da ya kai tsawon yatsa ka mayar leda, ka bar shi a inuwa mako guda, sannan ka fito da shi rana sosai. Ba ta son inuwa ko kaɗan. Wata huɗu ko biyar zai kai gwiwa, ya isa dashe.

Wata 'yar'uwa da ta karanta gandun daji, Yaba:
Yaya, ina ganin gata ne ya yi wa dashenka yawa. Ɗanyen kashin kaji zafi gare shi, yana ƙone saiwar ƙaramin dashe, ga ruwa sau biyu a rana cikin baƙar ƙasa mai riƙe laima. Asalin bishiyar nan gaɓar teku ce, daga kudu maso gabashin Asiya zuwa arewacin Ostireliya da tsibiran Pasifik, a yashi tsantsa take rayuwa. Abin da ke ciyar da ita yana ƙasa: wasu ƙwayoyin halitta da ake kira Frankiya suna zama a saiwarta, su yi ƙulle-ƙulle, suna jawo sinadarin naitirojin daga iska su ba ta, wanda shi ne mu ke saye a buhun yuriya. In dashen bai samu waɗannan ƙwayoyin ba sai ya yi rawaya ya tsaya cak. Maganin ba ya cin ko kwabo. Ka je gindin tsohuwar bishiya mai lafiya, ka share busasshen ganye, ka ɗebo ƙasar da ke jikin saiwa. In ka ci karo da ƙullutun masu rassa-rassa ka daka su a ruwa ka zuba a ledojin. Cikin hannu guda na ƙasar a kowace leda ya wadatar.

Wani abu kuma, koren zaren da muke ɗauka ganye ne, rassa ne sirara masu gaɓa-gaɓa. Ka ja ɗaya ya tsinke a gaɓa, za ka ga ƙananan haƙora zagaye da bakin, su ne ganyen na gaskiya. Shi ya sa ba ta asarar ruwa sosai, take zama kore rani da damina, gishiri kuma bai dame ta ba. Abin da kake son yi an yi shi a Sanagal. Tun 1948 suka fara dasa ta a gaɓar teku tsakanin Dakar da Sanluwi don tare yashi daga lambunan kayan miya na yankin Niyaye, kuma shingen na nan har yau.

Hajiya, Agege:
Ni dai ɗana shawarata ka yi tunani. Gidan da muka taɓa haya akwai guda biyu a tsakar gida. Kullum shara, zaren nan ya cika kwata ya toshe indararo, kuma ko ciyawa ba ta fita a ƙarƙashinta. Kai da ke noman ganye, ba za ta kashe maka lambu ba? Me zai hana ka sa kwakwa, ka ci ka sayar?

'Yar'uwa, Yaba:
Gaskiyarki Hajiya, ganyen da take zubarwa yana yin kauri ya hana komai tsirowa, saiwarta kuma tana yawo a sama-sama tana shan ruwan maƙwabta. A jihar Fulorida ta Amurka har hana dasa ta aka yi saboda yadda ta mamaye musu gaɓa. Sai dai kwakwa ba ta tare iska a ƙasa, gangar jikinta tsirara take, gishirin zai wuce ta ƙarƙashi ya sami tattasai. A iyakar fili za a sa kasurina, ta kudu da kudu maso yamma inda iskar ke fitowa, a bar fili tsakaninta da kunyar farko. Shinge yana kare wajen ninki goma na tsawonsa a bayansa, to ba sai ta matso lambu ba. Kwakwar a sa ta daga ciki.

Magini, Ajah:
Malam ka riƙe maganar katanga da kyau. Wannan itace yana haura mita 20, wani har 30, kuma a inda ruwa ke kusa da sama kamar yankinku saiwarsa ba ta nutsewa. Guguwar farkon damina na iya tumɓuke shi gaba ɗaya. Ni ba na yarda a sa shi ƙasa da mita 8 zuwa 10 daga gini, sokawe, ko wayar wuta. In wurin ya yi maka kaɗan, ka riƙa sare kansa a tsawon mita uku ko huɗu, yana karɓar aski sosai, sai ya yi duhu ya zama shinge. Sannan ka duba inda ruwa ke kwanciya a Yuni da Yuli. Ambaliyar kwana kaɗan ba komai, amma in gindinsa ya daɗe cikin ruwa zai mutu. Irin wannan wuri ka tara yashi ka yi tudu ka dasa a kai. Kuma ka zaɓi wuri tun yanzu, don a Legas in bishiya ta girma ba a sare ta haka kawai, sai da izinin LASPARK, hukumar jihar mai kula da lambunan shaƙatawa da itatuwa.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, Hajiya na gode. Ashe ruwa da takin ne. To yaushe ya fi dacewa in dasa? Kuma na ji ana cewa reshe ma yana kamawa. Mai filin ma yana fatan za ta hana teku cin ƙasa.

Mai renon dashe:
Ka shuka iri a Disamba ko Janairu, dashen ya isa a Afrilu zuwa Mayu da ruwa ya zauna. Gwamnatin jiha tana bikin dashen itatuwa ranar 14 ga Yuli, lokacin ma ana dasawa, amma wanda ya riga ya kama ƙasa kafin ɗan tsagaitawar ruwa na Agusta ya fi ƙarfi. Na Oktoba kuwa kai za ka yi ta ɗawainiyarsa da bokiti har rani ya fita. Layi biyu ko uku, mita biyu tsakani, na layi na biyu su faɗa a giɓin na farko. Ka yanke ledar da reza, kada ƙasar ta warware, ka mayar da yashin ramin ka taka. In babu ruwan sama, sau biyu a mako ya isa. Ka kafa mata ɗan kare-iska na ganyen kwakwa a watannin farko.

Reshe yana kamawa amma sai da haƙuri. Ɗanyen kan reshe mai tsawon taƙi ɗaya daga ƙaramar bishiya, a tsoma a garin sa saiwa da masu kayan gona ke sayarwa, a soka a yashi mai danshi, a rufe da farar leda a inuwa. Na tsohuwar bishiya da ƙyar yake yi. Ga mai farawa iri ya fi sauƙi. Abokan gabarta a shekarar farko uku ne: gara, awaki, da wuta. Busasshen ganyenta yana kamawa nan take, kuma bishiyar ba ta jure ƙuna, saboda haka kada a ƙona shara kusa da layin.

Maganar teku kuwa, ka gaya wa mai filin gaskiya. Iska da yashi take tarewa. Igiyar ruwa in ta zo cin gaɓa da ita da bishiyar take tafiya, wanda ya san bakin tekun Alfa Bic da Okun Aja a nan Legas ya ga haka. Shi ya sa a Eko Atlantic, sabuwar unguwar da aka cike teku aka gina a Legas, manyan duwatsu aka jibge.

Mai suya, Obalende:
In sun yi shekara biyar zuwa bakwai suka matsu kuna ragewa, kada ku yar da ko reshe. Itacen yana da nauyi, yana ci ko da ɗanye, garwashinsa na daɗewa, gawayinsa ma na kirki ne. Katako ne dai ba ya yi, tsagewa yake in ya bushe, sai dai turaku da tokara. Kuma in an sare daga gindi ba kasafai yake sake toho ba.

'Yar'uwa, Yaba:
Saboda wannan maganar ta ƙarshe, Yaya, ka reni fiye da adadin da kake buƙata, ka ajiye ragowar a leda don cike giɓi, kana ɗaga ledojin lokaci-lokaci kada saiwa ta huda ta kama ƙasa. Waɗanda suka rage da rai cikin na farko kuma kada ka tumɓuke. Ka kankare ɓawon da farce, in ciki kore ne ka janye takin daga gindi, ka zuba yashi da ƙasar tsohuwar bishiya, ka dakatar da ruwa har saman ya bushe.