Neman shawara kan gabatar da baƙo mai jawabi

Assalamu alaikum. An ɗora mini nauyin gabatar da baƙo mai jawabi a bikin yaye ɗaliban makarantar sakandaren da nake koyarwa, kuma minti 3 kacal aka ba ni. Baƙon Farfesa ne, Alhaji ne, yana kuma riƙe da sarautar gargajiya, ga tarihinsa da aka aiko mini ya kai shafi 4. Kwana biyu ke nan ina ragewa, amma duk abin da na cire sai in ga kamar na tauye masa girma. Wane laƙabi ya dace in fara ambata, ganin cewa Hakimi zai halarci taron? Don Allah masana harkar taro ku taimaka mini kafin Asabar.