Neman taimako kan lambar 4294967297

Assalamu alaikum malaman lissafi. Ina koyarwa a wata sakandare a Gusau, kuma lambar 4294967297 ta tsaya mini a rai. Ana samunta idan an jera 2 sau 32 ana ninkawa, sannan a ƙara 1. Masanin lissafi Fermat ya zaci babu mai raba ta sai 1 da ita kanta, har wani masanin, Euler, ya nuna a 1732 cewa 641 × 6700417 ce. Kalkuleta ta tabbatar, amma dalilin nake son nuna wa ɗalibaina a allo.

Na lura 641 daidai take da 5 × 128 + 1, kuma daidai take da 625 + 16. A nan na maƙale. Yaya zan haɗa biyun su nuna 641 tana raba ta ba saura? Don Allah a taimaka mini.