Neman kalmar Hausa: nisan da mota ke ci da caji guda, da birkin da ke cajin batir

Mai Shirin Rediyo: Assalamu alaikum, malamaina. Ranar Alhamis da yamma za mu naɗi shirinmu na kimiyya da fasaha, kuma kashin farko a kan sabuwar motar Mercedes-Benz CLA mai aiki da lantarki ne, wadda kamfanin ya nuna wa duniya a birnin Rum a watan Maris na 2025, aka kuma fara sayar da ita a Turai bayan 'yan watanni. A garin Rastatt na ƙasar Jamus ake haɗa ta. Samfurin 250+ yana da batir mai ɗaukar wutar lantarki kWh 85, kamfanin ya ce caji guda zai iya kai ta har kilomita 792, cajin minti 10 kuma yana ƙara mata kilomita 325. Kalmomi biyu ne suka gagare ni, wato "range" da "regenerative braking". Mai sauraro ba ya ganin rubutu, saboda haka ina son abin da kunne zai kama a karo ɗaya.

Tsohon Tafinta: Wa alaikumus salam, 'yata. Ta farko ba ta da wuya, ki ce "nisan zango". Masu karanta labarai sun daɗe suna cewa makami mai cin dogon zango, kunnen jama'a ya saba da shi, zango kuwa tun zamanin fatake shi ne tazarar da ayari ke yi kafin ya sauke kaya ya huta. Ta biyun na fi son "birki mai mayar da wuta".

Injiniya: Baba, na yarda da nisan zango, amma ina roƙon Malama kada ta faɗi kilomita 792 ta yi shiru. Wannan adadi ya fito ne daga gwajin Turai da ake kira WLTP, wanda ake yi a ɗakin gwaji, a yanayi matsakaici, na'urar sanyaya mota kuma a kashe. Wanda ya cika ta da mutane ya taka ta a babbar hanya cikin zafin bazara ba zai ga wannan nisan ba. Haka nan kilomita 325 cikin minti 10, wato fiye da tafiyar Kano zuwa Kaduna, sai a tashar cajin da ke iya ba da kilowat 320, kuma motar tana iya karɓar haka ne saboda tsarin wutarta na bolt 800. Sannan a bambanta kilowat da kWh, domin na farko ƙarfi ne, na biyu kuma yawan wutar da aka tara. Duk mai mitar kati a gida ya san yunit, yunit ɗaya kuwa kWh ɗaya ne, to a ce batirin yana ɗaukar yunit 85, tana kuma shan yunit 12 zuwa 14 a kowane kilomita 100.

Malamin Hausa: Ni abin da ke damuna shi ne, a jimla guda an jera birki da caji da batir da yunit, sannan a ce da Hausa ake magana. Ina da kalmar da na daɗe ina koya wa ɗalibaina, wato "linzamin tuƙa". Da linzami ake tsayar da doki, tuƙa kuwa ita ce yadda saniya ke dawo da abin da ta riga ta haɗiye ta sake amfana da shi. Wannan shi ne ainihin abin da motar take yi, tana dawo da ƙarfin da ta kashe. Kalma biyu ce, kuma babu Turanci a cikinta.

Bakanike: Allah gafarta Malam, hikimar ta yi kyau, amma idan aka faɗi "linzamin tuƙa" a garejinmu, duk yaron da ya ji zai miƙo sitiyari ne. Da linzami ake juya doki, tuƙa kuma ga mai mota tuƙi ne, babu direban da zai tuna da saniya. Birki sunansa birki tun daga kakanninmu direbobi.

Malamin Hausa: Karin sautin ba ɗaya ba ne, kuma mai gabatar da shiri da ta san aikinta za ta furta shi daidai. Idan gareji ne zai riƙa yanke mana kalmomi, to a rufe sassan Hausa na jami'o'i, a sallami Cibiyar Nazarin Harsunan Najeriya ta Jami'ar Bayero.

Ɗan Maraɗi: Malam, da girmanka, ita kanta mota da lantarki daga ina suka zo? Mu a nan mato muke cewa, wutar kuma kuran, kuma ba mu taɓa jin cewa Hausarmu ta gurɓata ba. Abin da ba na so shi ne a zauna a Kano a yanke hukunci, a kira shi daidaitacciyar Hausa, a manta cewa rediyo ba ta tsayawa a kan iyakar Jibiya. Yunit ɗin da Injiniya ya kawo ma, mai sauraro a Damagaram ko Tawa ba lalle ne ya gane shi ba.

Malamin Hausa: Ba Kano ce ta ɗora kanta ba, tarihin rubutu da ɗab'i ne ya kawo haka. Kuma aron da kakanni suka yi bai zama hujjar mu ci gaba da aro ba tare da ƙoƙari ba.

Injiniya: Mu koma kan motar, domin ko "birki mai mayar da wuta" yana da gyara. Idan direba ya ɗaga ƙafa daga totur ko ya taka birki a hankali, takalman birki ba sa kama komai. Tayoyi ne ke juya injin lantarkin, sai ya koma janareta, wutar da ya samar ta shiga batir, nauyin juya shi kuma ya rage gudun motar. A wannan mota ƙarfin da ke komawa yana iya kai kilowat 200, birkin gaske kuwa sai an taka da ƙarfi ko an zo wurin gaggawa yake shiga. Saboda haka ba dukan wutar da aka kashe ce ke dawowa ba, wani kaso ne na ƙarfin gudun motar, wanda da a tsohuwar mota ce zafi zai zama a ƙafafu ya tafi a banza. Ni da "birki mai cajin batir" zan ce, domin ba ya alkawarin abin da babu.

Tsohon Tafinta: Naka ya fi daidai, Injiniya, nawa ya fi daɗin faɗi. Mai mayar da wuta bai ce dukanta ba, kuma jimla guda ta bayani ta isa ta toshe wannan kafa.

Mai Shirin Rediyo: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Zan yi amfani da "nisan zango" tare da gargaɗin Injiniya a kan gwajin Turai. Zan ce "birki mai mayar da wuta cikin batir" a karon farko, in bi shi da bayanin janareta, daga nan in taƙaita. Batun kWh zan ce yunit, in ƙara da cewa shi ne ma'aunin da ake lissafin kuɗin wuta da shi, saboda 'yan'uwanmu na Nijar. Malam, idan lokaci ya bari zan ambaci misalin tuƙa a matsayin kwatance, amma ba zan iya sa shi suna ba.

Ɗan Maraɗi: Yunit ɗin dai bai kwanta mini ba, amma bayanin zai rage.

Malamin Hausa: Shirinki ne, Malama, ki yi yadda kika ga dama. Nisan zango na karɓa, domin namu ne. Sauran kuwa bayani kuka yi, ba kalma kuka samo ba, kuma idan an zo rubuta jarrabawa ko ƙamus babu wanda zai sa jimla mai kalma bakwai a gurbin suna. A ajina linzamin tuƙa yana nan.