Wai da gaske Girkawa ne suka fara wasan kwaikwayo?

Ɗalibar Adabi: Assalamu alaikum. Jiya a aji aka ce mana a Girka aka haifi wasan kwaikwayo, wai wani mai suna Tesfis ne ya fara fita daga cikin 'yan amshi ya yi magana da bakin wani, a birnin Atina, wajen shekara ta 534 kafin Miladiyya. Na rubuta saboda jarrabawa, amma raina bai kwanta ba. A ce duk faɗin duniya ba wanda ya taɓa kwaikwayon wani a gaban jama'a sai ranar?

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam. Kina da gaskiya, ƙanwata. Akwai wani allon dutse na wani bafaden Fir'auna Senusret na uku, mai suna Ikhernofret, yanzu haka yana gidan tarihi a Berlin. A jiki ya rubuta yadda ya jagoranci bikin gunkin Misirawa Osiris a garin Abidos na Masar: a fito da kwale-kwalen gunkin, wasu su tare hanya a matsayin maƙiyansa, a gwabza, a fatattake su. Wannan ya girmi Tesfis da shekara fiye da 1,200.

Mai Nazarin Wasanni: Malam, da girmanka, wannan bauta ce. Wanda ya je Abidos ya je ne a yi ibadar da shi. A Atina kuwa an ware wa mutane wurin zama don kallo kawai, kalmar da suke kiran wurin da ita ma'anarta ke nan, wurin kallo. Akwai marubuci, akwai gasa, akwai alƙalai masu ba da kyauta. Marubuci Eskilus ya ƙara ɗan wasa na biyu, daga nan mutum biyu suka iya yin jayayya a kan dandamali, marubuci Sofokilis kuma ya ƙara na uku. A shekara ta 472 kafin Miladiyya aka nuna wasan Eskilus kan Farisawa, shekara 8 kacal bayan yaƙin Salamis da Girkawa suka ci Farisawa, a gaban mutanen da suka yi yaƙin da hannunsu, kuma aka ba da labarin ta bakin maƙiyan da aka ci. Har yau muna iya ɗaukar rubutun mu yi wasan. Ina rubutun na Abidos?

Malamin Tarihi: To ai na Atinan ma a bikin gunkinsu Dayonisas ake yi, da bagade a filin, limaminsa na zaune a sahun gaba. In bauta ce ke fitar da abu daga wasan kwaikwayo, naku ma ya fita. Batun rubutu kuwa, dacen tarihi ne. Sofokilis ya rubuta wasanni fiye da 120, guda 7 suka iso mana. Abin da bai tsira ba ba za a ce ba a yi shi ba.

Tsohon Ɗan Wasa: Bari in sa baki, yarana. Na yi shekaru ina hawa dandamali, kuma abin da na sani shi ne wannan. Akwai lokacin da kake tsaye a bayan fage, gumi na bin bayanka, kana jin tarin mutane da motsin kujeru, kana nanata layinka na farko a zuci. Ka taka ka fito, ka ce "ni ne sarki", kowa ya san ba kai ba ne, amma aka yi tsit aka yarda. Wannan yarjejeniyar tsakaninka da mai kallo ita ce wasan. Ba ta buƙatar gini, ba ta buƙatar takarda. Na taɓa yin wasa fitila ta ɗauke, muka ƙarasa a duhu da murya kaɗai, ba wanda ya tashi. Ban yarda al'umma ɗaya ce ta gano wannan ta koya wa sauran ba.

Mai Nazarin Wasanni: Baba, ban musa ba. Amma son kwaikwayo daban, sana'ar da aka tsara mata ƙa'ida daban.

Ɗalibar Adabi: In ƙa'ida ce, Yaya, ai Indiya ma tana da tata. Tsohon littafinsu na ƙa'idojin wasa, Natyashastra, babi 36 ne, ya yi bayanin girman dandamali, motsin ido da na yatsu, da irin shauƙi guda 8 da ake son tayarwa a zuciyar mai kallo.

Mai Nazarin Wasanni: Bayan Iskandar, sarkin da ya fito daga ƙasar Girka, ya kai yaƙi Indiya aka rubuta shi. Labulen dandamalinsu ma yavanika suke ce masa, wasu na danganta sunan da Yunanawa, wato Girkawa.

Malamin Tarihi: Wannan hujjar ta daɗe da raunana, domin dandamalin Atina na wancan zamanin ba shi da labule. Kuma dubi cikin wasannin: na Indiya ba a rufe su da halakar jarumi, ana cakuɗa Sanskirit, harshen malamai, da harsunan talakawa a wasa ɗaya. Wane ɗalibi ne zai bar duk abin da malaminsa ya fi shahara da shi? Ga wasan Noh na Japan, wanda Kan'ami da ɗansa Zeami suka daidaita a ƙarni na 14 ba su san da wani Sofokilis ba, kuma ana yinsa har gobe ba yankewa. Ga Ibn Daniyal, likitan ido a Alƙahira da ya rasu a 1310, ya bar wasannin inuwa guda 3 a rubuce. Abin da ya fi jan hankalina ma, lokacin da Matta bin Yunus ya fassara littafin Aristotal kan waƙa zuwa Larabci a Bagadaza, sai ya mayar da wasan alhini "yabo", wasan barkwanci "zambo", don bai taɓa ganin irin wasan Girkawa ba. Ke nan Ibn Daniyal ba daga can ya ɗauko nasa ba.

Mai Nazarin Wasanni: Na janye batun labule. Amma ina nan kan bakana cewa mafi daɗewar cikakken wasa da ke hannunmu na Girkawa ne.

Tsohon Ɗan Wasa: Wannan kam ba mai ƙwace musu. 'Yata, abin da za ki rubuta ke nan: su ne rubutunsu ya fi daɗewa a hannunmu. Kalmar "suka fara" ce nake so ki koma ki tambayi malaminku hujjarta.

Ɗalibar Adabi: Zan tambaye shi ranar Litinin in sha Allah, Baba. Malam, don Allah turo min hoton allon nan na Abidos in tafi da shi.