LibreNMS ta karɓi rauta ɗaya ta ƙi sauran, mene ne dalili?

Malamin Kwamfuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masana. Ni ke kula da hanyar sadarwar wata makarantar kuɗi mai rassa 3 a Kano, kuma a watan jiya na ɗora manhajar LibreNMS a kan wata tsohuwar kwamfuta mai Ubuntu, domin in riƙa sanin halin da na'urorinmu suke ciki tun kafin malamai su fara kirana a waya. Muna da rauta (na'urar da ke tura bayanai tsakanin hanyoyin sadarwa) 7 na kamfanin MikroTik, da suwic (na'urar da ke haɗa kwamfutoci ta waya) 4, da rediyoyin Ubiquiti da ke haɗa rassan da babban ofis.

Rauta ta farko ta shiga lafiya lau, har zanen zirga-zirgar bayananta ya fara fitowa. Da na zo kan ta biyu sai manhajar ta ƙi, ta ce akwai wata na'ura mai wannan suna, alhali adireshin IP ɗinsu daban ne. Akwai kuma guda 2 a wani reshe da suke amsa ping (saƙon gwajin da ke nuna ko na'ura tana kan layi) amma manhajar ta ce ba ta samun amsar SNMP (hanyar da take tambayar na'urori halin da suke ciki) daga gare su. Abu na uku shi ne, duk daren da aka ɗauke wuta a wancan reshe sai saƙonnin gargaɗi su cika mini waya, kowace na'ura da nata. Don Allah a ba ni haske, domin hukumar makaranta ta zuba mini ido.

Ɗan Zage:

Wa alaikumus salam Malam. Matsalarka ta farko ba daga adireshi take ba, daga suna take. Duk rautar MikroTik da ta fito daga kwali sunanta ɗaya ne, wato MikroTik, kuma wannan sunan ne take faɗa wa LibreNMS idan an tambaye ta ta hanyar SNMP. Ita kuwa manhajar an tsara ta ta ƙi na'ura biyu masu suna ɗaya, saboda rauta guda tana iya ɗauke da adireshi da yawa, kuma ba a so a ƙidaya ta sau biyu. Ka buɗe Winbox, manhajar sarrafa rautocin MikroTik, ka shiga System sannan Identity, ka raɗa wa kowace rauta sunan da ke nuna reshenta da ɗakin da take. Akwai hanyar tilasta wa manhajar ta karɓe su a haka, amma ban ba ka shawarar bin ta ba, domin ranar da gargaɗi ya zo da tsakar dare cewa MikroTik ta faɗi, ba za ka san wacce ce daga cikin bakwai ɗin ba.

Su kuma biyun da suke amsa ping kaɗai, ka fara tabbatar da cewa ka kunna SNMP a cikinsu, don a kashe yake zuwa. Idan a kunne yake, to ina kyautata zaton katangar tsaro ce, wato firewall, jerin dokokin da ke tace abin da zai shiga rauta. Tsarin da kamfanin yake saka wa ƙananan rautocinsa yana barin ping ya wuce, amma yana watsar da sauran buƙatun da suka nufo rautar daga ɓangaren waje, kuma tunda rediyo ne ya haɗa ku, mai yiwuwa ta ɓangaren waje sabarka, wato kwamfutar da ka ɗora LibreNMS a kanta, take isa gare su. SNMP yana bi ta ƙofa ta 161 ta UDP, saboda haka ka rubuta doka guda da za ta buɗe wannan ƙofar ga adireshin sabarka kaɗai, ka kuma ɗora ta a saman dokar da ke watsarwa, don daga sama zuwa ƙasa ake karanta su. Kafin ka koma shafin manhajar, ka gwada da umarnin snmpwalk, mai tambayar na'ura bayananta ta SNMP, daga kan sabar. Idan layuka suka fara zubowa an gama, idan kuwa shiru ne, to laifin ba na LibreNMS ba ne.

Bakatsiniya:

Na yarda da bayanin Injiniya Ɗan Zage, sai dai ina so Malam ya duba wane nau'in SNMP ya zaɓa lokacin da yake shigar da na'urorin. Nau'i na 1 ma'aunin bit 32 kawai ya sani wajen ƙidayar bayanan da suka wuce, wanda yake cika ya koma sifili bayan kimanin gigabait 4. A layi mai gudun megabit 100 yana iya cika cikin ƙasa da minti 6, a mai gigabit 1 kuwa cikin kusan daƙiƙa 34, alhali LibreNMS duk bayan minti 5 take zagayowa ta tambayi na'ura. Sakamakon shi ne zane mai faɗin ƙarya. Nau'in 2c ya warware wannan da ma'aunin bit 64, amma kalmar sirrinsa a fili take tafiya, don haka a makaranta, inda ɗalibai masu son bincike suke kan layin, nau'i na 3 mai ɓoye bayani ya fi kwanciyar hankali. In ma 2c ɗin za a yi, kada a bar kalmar public da na'urar ta zo da ita.

Batun saƙonnin dare kuma, a ƙarƙashin Devices akwai Device Dependencies, inda za ka nuna cewa rautar reshe ita ce uwa, suwic da sauran na'urorin da ke bayanta 'ya'yanta ne. Idan uwar ta faɗi, manhajar takan danne gargaɗin 'ya'yan ta aiko da nata kaɗai.

Malamin Kwamfuta:

Allah ya saka muku da alheri. Na sauya sunayen jiya da yamma, rautocin babban ofis duk sun shiga, kuma na reshe ashe katangar ce kamar yadda Injiniya ya faɗa, don na rubuta dokar tun da farko amma tana can ƙasan jeri. Hajiya, na koma nau'i na 3, na kuma tsara uwa da 'ya'ya. Saura tambaya ɗaya. Za mu sauya adireshin wani suwic a makon gobe, shin in goge shi ne in sake shigar da shi?

Ɗan Zage:

Kada ka goge shi, Malam, domin gogewa tana tafiya da duk tarihin zanensa na makonnin da suka wuce. Ka yi amfani da umarnin lnms device:rename, ka ba shi tsohon adireshin da sabon, zai ci gaba daga inda ya tsaya. Kuma kafin ka taɓa suwic ɗin ka saka shi cikin jadawalin gyara na tsawon awa ɗaya ko biyu, don kada gargaɗi ya fita yayin da kake cire wayoyi.