Jiragen Independence: Dabara Ce Ko Kwaskwarima?

Bakanike: Ni maganata ɗaya ce. Ƙananan jiragen ruwan dakon jiragen sama guda 9 na ajin Independence da Amurka ta yi a yaƙin duniya na biyu kwaskwarima ce kawai. Gangar jikin jiragen yaƙi samfurin Cleveland aka ɗauko aka ɗora musu filin sauka. Jiragen sama talatin da 'yan kai kowanne ke ɗauka, alhali babban jirgin dako guda na ajin Essex na ɗaukar casa'in.

Malamin Tarihi: Alhaji, ka tuna halin da ake ciki. Da aka nutsar da jirgin dako Hornet a Oktoban 1942, cikin manyan jiragen dakon Amurka Enterprise kaɗai ya rage a fagen daga na Pasifik, shi ma da rauni, Saratoga na wajen gyara. Su 9 ɗin nan duk a 1943 suka kama aiki. Da babu gara ba daɗi.

Bakanike: Ai hafsoshin ruwan ma da farko ƙi suka yi. Shugaban Amurka Roosevelt ne ya matsa, sai bayan harin Pearl Harbor suka yarda.

Ɗaliba: Malam, me ya hana a wadatu da jiragen rakiya, wato ƙananan jiragen dakon da ke raka ayarin jiragen ruwa, tunda sun fi arha?

Malamin Tarihi: Gudu ne, 'yata. Na rakiya da ƙyar suke kai mil 20 na ruwa a awa, waɗannan kuwa suna wuce 30, don haka suna iya bin manyan jirage. A yaƙin Tekun Filifin, Yunin 1944, cikin jiragen dako 15 na babbar rundunar Amurka, 8 irinsu ne. Matuƙan Belleau Wood, ɗaya daga cikinsu, su ne suka nutsar da Hiyo, jirgin dakon Japan.

Tsohon Soja: Duk da haka ina bayan Alhaji. Jiki siriri, sama nauyi. A guguwar Disamban 1944 jiragen sama suka tsinke daga ɗauri a cikin Monterey, ɗaya daga cikin tarar nan, suka yi ta karo har wuta ta tashi. Gerald Ford, wanda ya zama shugaban Amurka daga baya, yana ciki ranar.

Bakanike: Ga Princeton, shi ma ɗan ajin, a yaƙin Leyte na Filifin, 24 ga Oktoban 1944. Bam ɗaya tal ya zama ajalinsa! Fashewar jirgin ta kashe mutum sama da 200 a jirgin yaƙi Birmingham da ya matso taya kashe wuta.

Malamin Tarihi: Yallaɓai, babba ma bai tsira ba. Franklin ɗan ajin Essex ne, bama-bamai biyu suka kashe masa sama da 700 a Maris 1945.

Bakanike: Amma ya nutse? Da ƙafarsa ya koma New York.