Neman shawara: yadda zan tsara ranar aurena a gandun Yosemite

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Sakramento, shekarata shida a Amurka, kuma in Allah Ya yarda za a ɗaura mini aure ranar Juma'a ta biyu a watan Yuni. Tun bara ake ta jayayya a gida kan lefe da ɗinkin anko da wurin walima, har ta kai gwaggona ta daina ɗaukar wayata wata biyu cur saboda na ce ba na son akwati goma sha biyu, sannan ƙanwar mahaifiyata ta kira ta ce na zama Baturiya. Da abin ya ishe ni, sai ni da wanda zan aura muka yanke cewa za a ɗaura auren a Kano bayan sallar Juma'a, mu kuma mu taru mu bakwai a gandun dajin Yosemite da ke jihar Kalifoniya a daidai lokacin, mu saurara ta waya, mu yi addu'a, a sa hannu a takardar aure ta jihar Kalifoniya.

Na biya dala 150 na neman izinin hukumar gandun, na kuma biya rabin kuɗin mai hoto. Za mu kwana a Oakhurst, wani gari kusa da gandun, mu tashi ƙarfe 3:30 na dare, mu isa Glacier Point, wani wurin kallo a kan dutse, kafin rana ta fito wajen 5:40, mu sauka kwari da hantsi mu ga ruwan da ke zubowa daga dutse, sannan da yamma mu sake hawa zuwa wani wurin kallon mai suna Taft Point domin faɗuwar rana wajen 8:20. Mahaifiyar ango tana cikinmu. Shin wannan tsari zai yiwu? Kwana uku ke nan barci ya gagare ni.

Wani ɗan'uwa mazaunin Fresno: Wa alaikumus salam ƙanwata. Shekara goma sha huɗu ina kai baƙi wannan gandun, kuma ina gaya miki kai tsaye cewa tsarin nan ba zai yiwu ba. Daga Oakhurst zuwa Glacier Point kusan awa ɗaya da rabi ne a hanya mai lanƙwasa cikin duhu, daga can zuwa kwari awa ɗaya, komawa sama kuma wata awar, ga wahalar samun wurin ajiye mota a kwari da tsakar rana a watan Yuni. Kin haɗa wa dattijuwa yini na awa goma sha tara. Ki soke fitowar rana gaba ɗaya, ku huta da safe, ku yi komai a Taft Point da la'asar sakaliya, domin wurin yana fuskantar yamma kuma hasken lokacin ya fi kyau.

Wata 'yar'uwa daga Oakland: Yaya, ban yarda da kai ba. Da yamma Taft Point cike yake da amare da masu hoto, har layi ake yi a bakin dutsen, alhali da asuba Glacier Point shiru ne, kuma daga wurin ajiye mota tafiyar 'yan mintuna ce a kan hanya mai shimfiɗa. Taft Point kuwa sai an taka fiye da mil ɗaya zuwa, fiye da mil ɗaya dawowa, dawowar kuma cikin duhu da tocila. A 2018 wasu mata da miji sun faɗo daga wurin sun rasu. Ni yamman zan soke.

Wata uwa daga Kaduna: 'Yata, ni abin da ya taɓa ni maganar gwaggonki ce. Lokacin bikin 'yata ta fari sai da muka sayar da fili saboda gara da kayan ɗaki, dangin miji kuma suka zo suka ƙirga tukwane a gabana, suka ce babu injin wanki. Har yau ban gama biyan bashin adashin ba, kuma waɗanda suka fi kowa surutu ko kwano ɗaya ba su kawo ba. Duk da haka ban ga dalilin da zai sa yarinya ta tafi daji ranar aurenta ba, mahaifiyarta tana wata ƙasa.

Wani malami a cikinmu: 'Yar'uwa, akwai abin da ba ki faɗa ba, kuma shi ne tushen komai. Wane ne waliyyinki, kuma ya amince da wannan tsari? An yanka sadaki, an tanadi wakilin ango da shaidu? Sannan ki duba lissafin lokaci. A watan Yuni Kano tana gaban Kalifoniya da awa takwas, wato lokacin da rana za ta fito muku ƙarfe 1:40 ne a Kano, liman bai ma sauko daga mumbari ba a masallatai da yawa. Idan an ɗaura ƙarfe 2:30, ku kuna 6:30 na safe. Kafin wannan lokacin ba mijinki ba ne, don haka kwanan Oakhurst da hotunan asuba suna bukatar a yi musu tsari na daban.

Mai neman shawara: Na gode Malam. Ɗaki daban-daban muka kama, ni zan kwana tare da mahaifiyarsa. Batun waliyyi kuma ana kan magana. Anti ta Kaduna, ba gudun mahaifiyata nake yi ba, sau biyu ana hana ta biza, kuma ita da kanta ta ce in yi abin da zai kwantar mini da hankali. Yaya na Fresno, ba zan iya soke asuba ba, domin ita ce dalilin zaɓen wurin: ina so in kasance a tsaye ina kallon dutsen Half Dome lokacin da ake karanta Fatiha a gida. Yamma kuma tana cikin yarjejeniyar mai hoto.

Ɗan'uwa mazaunin Fresno: To ƙanwata, wa ya tabbatar miki waya za ta kama a can sama, a tsayin da ya haura mita 2,000? Wani lokaci tana kamawa, wani lokaci ta ɗauke, kuma kiran bidiyo zuwa harabar masallaci mai cike da jama'a ba abin dogaro ba ne. Na taɓa kai wani iyali da suka ƙi jin maganata, muka kwashe awa biyu muna zagaye a kwari muna neman wurin tsayawa, yaransu suna kuka, a ƙarshe laifin ya dawo kaina. Ki sani kuma izinin yana ɗauke da wuri da lokaci, awa biyu ake ba ku, ba a yarda da lasifika ba, ba a yarda da jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi ba. Idan aka yi jinkiri a Kano, kuma kin san ana yi, lokacinku zai ƙare kuna jiran Fatiha. Ki ji maganata ki koma yamma, lokacin an riga an ɗaura, kowa ya samu natsuwa.

'Yar'uwa daga Oakland: Ki tabbatar kin karɓi takardar aure daga ofishin gunduma kafin ranar, tana aiki kwana 90 a ko'ina cikin jihar, kuma ku tafi da rigunan sanyi, domin asubar can sama tana da sanyi ko a watan Yuni, leshi kaɗai ba zai isa ba. Wa zai sa hannu a matsayin mai ɗaurawa? Wannan ma ba ki faɗa ba.

Mai neman shawara: Abokin ango ya ce zai bincika wannan. Na karanta duk abin da kuka rubuta, amma har yanzu ina ganin idan mahaifiyarsa ta huta a mota da rana za mu iya yin duka biyun. Akwai wanda ya taɓa yin kiran bidiyo daga Glacier Point da asuba, kuma da wane layi?

Uwa daga Kaduna: 'Yata, ki fara kiran gwaggonki tukuna.